Zeitz MOCAA na Cape Town: namu ne ko na 'yan yawon buɗe ido?

Ɗan Kurmi: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, Zeitz MOCAA, gidan zane-zanen nan na Afirka ta Kudu, ba don mu aka gina shi ba. Sunan Bajamushe aka sa masa, Jochen Zeitz tsohon shugaban kamfanin Puma, wanda ya tsara ginin ɗan Ingila ne, kayan da aka buɗe da su a 2017 ma aro Zeitz ya bayar ba kyauta ba. To ina Afirka a ciki?

Maman Ilham: Haba yaya, ka taɓa shiga kuwa? Ni na shiga da na raka maigida. Tsohon rumbun hatsi ne na bakin teku tun shekarun 1920, dogayen bututun siminti 42 aka fafe cikinsu kamar ƙwarya, kana tsaye a ƙasa lif na hawa cikin bututu haske na zubowa ta sama, wlh sai da na yi shiru. Kuma ayyukan 'yan Afirka ne a bango, su wa kake so su rataya?

Ɗan Kurmi: Ban musa kyau ba ƙanwata. Amma rand miliyan 500 aka kashe, a Waterfront, unguwar 'yan yawon buɗe ido ta bakin teku, da otal mai tsadar gaske a saman ginin. Yaron da ke Khayelitsha, unguwar talakawa a bayan gari, da wane kuɗin mota zai zo?

Maman Ilham: Wannan kam ta taɓa ni. Amma ai 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga.

Malam Habu: Ku bari in sa baki. Maganarka ta yi ƙarfi a farko, shi ya sa surutu ya yi yawa, sannan kuma shugaban gidan na farko ya sauka a 2018 ana binciken yadda yake tafiyar da aiki. Amma ka tsallake Koyo Kouoh, haifaffiyar Kamaru, wadda ta karɓa a 2019 bayan ta kafa cibiyarta a Dakar. A zamaninta aka yi baje kolin When We See Us, yadda baƙar fata suka zana kansu cikin shekara ɗari, har Turai aka kai shi daga Cape Town, ba daga can aka kawo mana ba. Rasuwarta a 2025 ta girgiza ni sosai.

Ɗan Kurmi: Na yarda ta yi aiki Malam. Sai dai abin da ke ci min rai, mutum ɗaya ce, kuma aro sunansa aro. Ranar da masu kaya suka ce a dawo musu da abinsu, me za a nuna wa yaran?