Aiki ɗaya, albashi biyu: me doka ta ce, kuma ina ake kai kuka?

Uwar Biyu, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina son masana su warware mini wani abu. A wasu makarantun kuɗi za a ɗauki malami da malama, duka NCE gare su, darasi ɗaya, lokacin tashi ɗaya, amma ƙarshen wata nashi ya ɗara nata. In an tambaya sai a ce ai shi magidanci ne, ita kuwa ciyar da ita ake yi. Shin doka ta yarda da haka? In ba ta yarda ba, ta ina ake farawa? Sannan a aikin gwamnati, tunda ma'aunin albashi ɗaya ne, me ya sa ake cewa har yanzu mata na baya?

Barista:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Doka ba ta yarda ba, amma sai an san wace ƙofa za a bi. Sashe na 17(3)(e) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a biya albashi ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da duba jinsi ba. Matsalarsa yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana a kafa ƙara a kansa shi kaɗai. Shi ya sa lauya ke haɗa shi da sashe na 42, mai hana wariya, da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan daidaita albashin maza da mata, wadda Najeriya ta amince da ita tun 1974. Gyaran tsarin mulki na 2010, a sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya a wurin aiki da yin amfani da irin waɗannan yarjejeniyoyi. Kotun na da reshe a Sakkwato.

Kafin a je can, abin da ke kayar da mata shi ne rashin takarda. An ɗauke ta da baki, ana biyan ta a ambulan, babu abin da za ta nuna. Dokar Ƙwadago, sashe na 7, ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. To ta fara neman wannan. Ta nemi a riƙa tura albashi ta banki, in kuma a hannu ne ta ɗauki hoton takardar da take sa hannu. Ta ajiye jadawalin darussa, don shi ke nuna nauyin da ke kanta daidai yake da na abokin aikinta. Daga nan ta rubuta wa mai makaranta wasiƙa cikin ladabi, ta riƙe kwafin da aka sa wa hannu an karɓa. In shiru, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha, su kan kira ɓangarorin biyu sulhu. Kotu ce ta ƙarshe.

Abu biyu da ake tuntuɓe da su. Mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu da yawa ba su kai ba. Na biyu, hutun haihuwa na sati 12 da aƙalla rabin albashi, ga wadda ta yi wata shida tana aiki, yana sashe na 54 na Dokar Ƙwadago, amma ma'anar ma'aikaci a dokar ta cire masu aikin ƙwarewa, kuma mai makaranta zai iya fakewa a nan ya ce malama ba ta ciki. Maganinsa a rubuta hutun a takardar ɗaukar aiki tun ranar farko.

Tsohon Akawu, Jega:
Tambayarki ta biyu ita ce tawa, 'yata. Gaskiya ne, mace da namiji da ke mataki na 8, rukuni na 2, albashinsu ɗaya ne har kwabo. Da Kebbi ta amince da ₦75,000 a 2024 ma ba a ware jinsi ba. Ba a kan ma'auni kuɗin ke yoyo ba, a kan hanyar hawa ne.

A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wadda jihohi ke kwaikwayo, daga mataki na 7 zuwa 14 shekara uku-uku ake yi kafin ƙarin girma. Sai a ɗauki mutum biyu rana ɗaya. Lokacin jarrabawar ƙarin girma ya zo tana jego, ko tana wankan gida a garinsu, babu wanda ya kira ta. Ko kuma fom ɗin tantance aikin shekara ya zauna a fayil ba a cike ba, don shugaban sashe ya ce ai ba ta nan. Ta jira baɗi. In hakan ya faru sau uku, shekara uku ke nan, mataki guda cur ya wuce ta, kuma babu takarda ɗaya da za a nuna a ce ga inda aka zalunce ta. Hutun haihuwa hutu ne na ƙa'ida, ba ya rage shekarun aiki. Don haka kafin ta tafi ta cike fom ɗinta, ta bar lambar waya a ofishin ma'aikata, ta tambayi ranar jarrabawa. In an riga an tsallake ta, ta rubuta ta nemi a mayar da ranar ƙarin girman zuwa ranar da ta cancanta, ko da ba za a biya bashin baya ba. Ranar ita ce mai tsada, da ita ake lissafin hawa na gaba.

Sai alawus. Kuɗin tafiya bita Kaduna ko Abuja, kuɗin zaman kwamiti, kuɗin duba aiki a ƙananan hukumomi, wani lokaci su ke riƙe gida fiye da albashin. Akan cire sunan mace tun kafin a tambaye ta, wai mai gida ba zai bari ba. A tambaye ta mana, ita ta san gidanta. Jinkirin ƙarin girman kuma yana bin ta har ritaya, domin a tsarin fansho na 2014 kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na mai ɗaukar aiki a kan albashin wata ake lissafa su.

Malam Na Aliero:
Amma fa a yi adalci. Ci da sha da tufafi da haya duk a wuyan namiji suke. In an ɗan fifita shi, laifi ne?

Malamar Islamiyya:
Allah gafarta Malam, nafaƙa tsakanin miji da matarsa take, mai makaranta ba ya ciki. Shi ijara ya ƙulla, ladan aiki yake biya. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta ba maza rabo daga abin da suka tsiwirwira, ta ba mata nasu. In hujjar iyali ce da gaske, me ya sa ba a ƙara wa bazawara mai marayu biyar, a rage wa saurayin da ke ci gidan ubansa? Wanda ke son taimakon masu iyali ya ware kuɗin iyali daban, da ƙa'ida a rubuce, kowa mai 'ya'ya ya samu.

Mai Nazarin Tattalin Arziki:
Abin da Baba Akawu ya bayyana shi ne aka gani a ƙasashen da suka daɗe da dokar daidaita albashi. Amurka ta yi tata a 1963, Birtaniya a 1970, giɓin albashin maza da mata ya ragu amma bai rufe ba. Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel a 2023, ta nuna cewa yawancin ragowar yana buɗewa ne bayan haihuwar fari. Abin da wasu suka koma yi shi ne tilasta bayyana albashi: tun 2017 kamfanin Birtaniya mai ma'aikata 250 ko fiye sai ya wallafa bambancin da ke tsakanin maza da matansa. Mu nan, matan Arewa ba su jefa ƙuri'ar zaɓen tarayya ba sai 1979, bayan wahalar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha, kuma a Maris 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar na mata. Kada a zauna jiran sabuwar doka.

Hajiya Mai Shinkafa, Argungu:
Duk kun tsaya kan masu ofis. Mafi yawan matan da ke aiki a nan fadama suke, dashe da shiƙa da turara, kuma dokar mafi ƙarancin albashi ta cire aikin gona na kaka da aikin jinga. Namiji a yanka mashi kuɗin yini kafin ya sunkuya, mace a ce ta yi, in an gama a ba ta ɗan hasafi a tiya. Tiyar ma ba a faɗa ba, shafaffa ce ko mai tozo. Inda mata suka haɗa kai, shugabarsu ke yin ciniki tun da safe a gaban shaida: buhu nawa, nawa kowane buhu, kuɗi ko shinkafa, in shinkafa ce da wace tiya kuma a farashin wace kasuwa, sannan a biya kafin a ɗora kaya a mota. Uwar Biyu, ki gaya wa malaman nan su ma su je wurin mai makaranta su huɗu ko biyar da wasiƙa ɗaya, kuma su bari sai tsakiyar zango, lokacin da samun madadinsu ke da wuya.