Kuɗin aikin da aka yi wa Baffa a asibiti: ana maida wa mutum daga lanho ko a'a?

Daga zauren WhatsApp na wani gida a Tawa, bayan an sallamo Baffa daga asibiti

Auta: Salamu alaikum. Kowa ya ajiye rasit ɗin da ke hannunsa, har na famasi. Abokina da ke aiki a Ayalan ya ce in ka biya wa wani kuɗin magani, ko ba danginka ba ne, hukumar haraji na maida maka kashi 20 cikin 100. Yaya ya kashe jika 300 a aikin Baffa, jika 60 ke nan. Sai mu je DGI, babban ofishin lanho.

Yaya Babba: Kai yaro, ka taɓa ganin kura ta maido akuya?

Auta: Wallahi Yaya doka ce, ba ƙarya yake ba.

Anti ta Yamai: Bai yi ƙarya ba, amma dokar Ayalan ce. Can in ba ka nema ba ma, kana da shekara 4 ka dawo ka nema. Mu nan lanhon albashi, ITS, tun kafin kuɗi su shigo hannunka wanda kake wa aiki ya cire shi. Sauƙin da ake yi maka na yawan iyalin da ke wuyanka ne, mata da 'ya'ya, ba na takardar likita ba. Shekara da shekaru ina haɗa albashin ma'aikata, ban ga gurbin da ake rubuta maganin ƙanen uba ba.

Auta: To wannan ai rashin adalci ne, Anti. A nan yankinmu na Ader wa ke jinyar tsoho in ba mai albashin gidan ba?

Anti ta Yamai: Nan kam ina bayanka. Ko Faransa tana rage wa mutum abin da yake ciyar da iyayensa mabuƙata.

Kawu Malam: Ni abin da ya dame ni daban ne. Abin da aka yi don zumunci, a koma neman canjinsa?

Yaya Babba: Gafarta Malam, da za su bayar da na karɓa, ladana na nan. Ba daga aljihun Baffa za su fito ba. Kuma allurar wata mai zuwa ba ta san zumunci ba.

Kawu Malam: Hakane kuma.

Auta: Shi ke nan in yar da takardun?

Anti ta Yamai: Kar ka kuskura! Sa su a leda. Ranar da za a raba nauyin tsakaninku, wani zai rantse ya ba da jika 50 alhali 15 ya turo.

Yaya Babba: Auta, da kai take.