Tafkin tace ruwan majemarmu ya yi baƙi, ina mafita?

Ɗan Majema:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wata majemar fata a Kano, inda muke da tafkin da ake hura wa iska domin ƙwayoyin bakteriya su cinye dattin ruwa kafin a sake shi. Makon jiya janareta ya tsaya kwana biyu, kuma ana cikin haka aka juye ruwan kuromiyam, sinadarin ƙarfen da muke jima fata da shi, a kwatar da ke shiga tafkin. Lakar tafkin da muka saba gani mai launin ruwan ƙasa yanzu ta koma baƙi ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shin za ta farfaɗo, ko sai an kwashe?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, kada a bar kowa ya sauka cikin tafkin ko ramukan kwata, domin warin nan iskar salfaid ce, wadda idan ta yi yawa takan kashe hanci har mutum ya zaci ta wuce, sannan ta kayar da shi. Lakar nan rayayya ce, kiwonta ake yi. Da iska ta yanke, ƙwayoyin bakteriya masu buƙatar oksijin da ke cikinta suka galabaita, waɗanda ba su buƙatarsa suka karɓi wurin, su ne suka kawo baƙin da warin. Ku mayar da iska dare da rana har oksijin ya kai kimanin miligiram 2 a kowace lita, ku rage ruwan da ke shiga, ku samo lafiyayyar laka daga wani tafkin ku zuba a matsayin iri. Ƙwayoyin da ke sarrafa amoniya, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin a cikin dattin, su ne za su fi jinkirin dawowa, yakan ɗauke su makonni, ga kuma cin iska: kowane giram na naitirojin yana buƙatar oksijin kusan giram 4.6.

Malamar Kimiyya:
Bayanin Injiniya daidai ne, amma ni kuromiyam ɗin ne ya fi tayar mini da hankali. Bakteriya na cin kitse da tarkacen nama, amma ba sa cin ƙarfe. Zama yake yi a cikin laka, duk inda aka zubar da ita ya bi ta. Hanya ita ce a ware masa kwatarsa, a zuba farar ƙasa ko sinadarin maganiziyam ya kwanta, a narkar da shi da asid a sake jima da shi, wanda ragin kuɗi ne ma ga majemar. Duk wanda ya ga latas da kabejin da ake nomawa a bakin kogunan Challawa da Jakara ya san inda ruwan nan yake ƙarewa.

Ɗan Majema:
Allah ya saka muku da alheri. Mun tayar da injin iskar, kuma gobe zan kai wa manajanmu batun raba kwatar. Injiniya, ta yaya zan gane lakar ta fara dawowa?

Injiniyan Ruwa:
Ka ɗebi lita ɗaya a kwalba mai haske kowace safiya, ka ajiye minti 30. Idan laka ta dunƙule ta kwanta, ruwan sama ya yi garau, warin ya koma irin na jiƙaƙƙiyar ƙasa, to sai ka fara ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan.