Klay ya bar Warriors, wa zai cike gurbinsa?

MaiKwando: Jama'a ku taya ni, Klay Thompson, ɗan wasan ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka, ya koma ƙungiyar Dallas a 2024 bayan shekara 13 a ƙungiyar Warriors, kofi huɗu suka ci shi da abokin wasansa Stephen Curry, wai kuma Buddy Hield aka kawo a lokacin ya maye shi? Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Dogo: Haƙuri ɗan uwa, tun raunin gwiwa na 2019 da na agara a 2020 ƙafarsa ba ta dawo daidai ba, a tsaro wuce shi ake yi kawai. Shi ya sa a lokacin Warriors ta kawo Hield don jefa ƙwallo daga nesa, da De'Anthony Melton don ya riƙe tsaro.

Baƙo: Dala miliyan 50 a shekara uku Dallas ta ba shi fa malam.

MaiKwando: Ko lambar rigarsa 11 bai samu a Dallas ba, tana wajen ɗan wasansu Kyrie Irving, 31 ya ɗauka.