Tabar Kyuba ta yi mini ɗaci, ko jabu aka ba ni?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Yayana ya dawo daga Dubai ya yo mini tsarabar tabar nan mai kauri ta Kyuba da ake ce wa siga, Montecristo lamba 2, kara uku. Daren jiya na kunna ɗaya a tsakar gida. Farkonta lafiya lau, har da ƙamshi kamar na gasasshen kofi, amma kafin in kai rabi ta koma ɗaci, harshena na raɗaɗi, karan ya yi zafi har ba ya riƙuwa. Cikin minti ashirin na gama da ita, na tashi da jiri da tashin zuciya. Jabu aka sayar masa, ko ni ne ban iya ba? Saura biyu, ba na son su tafi a banza.

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Minti ashirin? Ƙanena, ai kai ka kashe ta. Lamba 2 tsawonta ya haura santimita 15, masu shanta kan yi awa guda da ita, wani lokaci fiye. Ka yi mata shan taba sigari, ita ko ba haka take so ba. Duk zuƙar da ka yi, iska kake hura wa garwashin kamar maƙeri da zugazugi. In ka jera zuƙa ba hutu, wutar ba ta samun lafawa, sai man da ke cikin ganyen, wanda shi ne ƙamshin, ya ƙone ƙurmus. Kwaltar hayaƙin kuma ta taru can wajen bakinka, ita ce ɗacin da ka ji daga rabi. Kamar mai tsire ne ya cika wa nama wuta, ƙauri kawai za ka ci.

Ka'idar da aka saba ita ce zuƙa ɗaya a kusan minti guda, a hankali, ka riƙe hayaƙin a baki ka busar. Ba a haɗiye shi zuwa ƙirji. Jirin nan naka nikotin ne, wato sinadarin da ke cikin ganyen taba, ya yi maka yawa, don kara ɗaya yana ɗauke da na sigari masu yawa. Kuma kar ka riƙa kakkaɓe tokar kowane lokaci, bar ta ta kai kamar gaɓar yatsa, tana rufe garwashin ta rage masa iska. In ka ji ɗaci ya soma, hura iska ta cikin karan zuwa waje sau ɗaya ko biyu, ka ajiye ta ta huce. Ko ta mutu ba komai, a sake kunnawa.

Na Runjin Sambo:
Duk abin da Baban Amira ya faɗi haka ne, amma ya manta a Sakkwato muke, cikin hunturu. Ina ka aje ta tun da ta zo? Tabar nan ana adana ta ne a akwatin katako mai riƙe danshi kusan kashi 70 cikin ɗari. Mu ko a wanga lokaci leɓen mutum ma tsagewa yake yi. In ta kwana uku bisa tebur ta zama karmami, ko waliyyin haƙuri ne ya sha ta, da sauri za ta ci wuta. Matsa sauran biyun a hankali da yatsa. In ka ji ƙaras-ƙaras, ko ganyen waje ya tsage, ta bushe. Sa su a robar abinci mai murfi da ɗan soso mai laima a gefe, kar ya taɓa su, ka ba su mako biyu ko uku. Kar ka yayyafa musu ruwa, kar ka sa a firji.

Ɗan Mabera:
Kai! A aljihun mota suka yi kwana goma. Yanzu na taɓa ɗaya, har ɓarɓashi ta zubar.

Na Runjin Sambo:
To ka ga. Wadda ta yi ɓarɓashi da wuya ƙamshinta ya dawo duka, ka fara gwaji da ita.

Malam Na Kanwuri:
Yaro, kar jin cewa ba a haɗiye hayaƙin ya ruɗe ka. Yana zama a baki, kuma likitoci sun tabbatar tana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro. Malamanmu da yawa sun haramta taba, wasu sun ce makaruhi. Ga shi a tsakar gida ka kunna, iyali na shaƙa. Da ni ne, sai in gode wa yayan, in bar biyun nan su ƙarasa bushewa.

Baban Amira:
Gaskiya Malam ya faɗa, ni ma shekarata huɗu da bari. In dai ka ƙi ji, to ka ci abinci tukuna, ka aje shayi mai sukari kusa saboda jiri, ka fita daga cikin yara. Kuma in ta rage kamar yatsu biyu a kwance ka rabu da ita, daga nan zafi ne zalla.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Na sa su a roba. Malam, na ji, zan yi tunani kafin mako ukun ya cika.