Rushe dam huɗu saboda kifi, wannan ba ɓarna ba ce?

Manomi: Salam jama'a. Wallahi abin nan ya tsaya min a rai. A 2024 Amurka ta gama rushe dam huɗu a kogin Klamath, tsakanin Oregon da Kalifoniya, don kifin salmon ya samu hanyar haurawa ya yi ƙwai. Kakanni sun gina ana murna an samu wuta, jikoki sun zo sun ce kifi ya fi. A 2001 ma lokacin fari an datse wa manoman yankin ruwa saboda kifi. Ni dai ɓarna nake gani.

Injiniya: Yaya, kalmar ɓarna ta yi nauyi. Dam ɗin nan na lantarki ne, ba da su ake ban ruwa ba, kuma kamfanin PacifiCorp mai dam ɗin da kansa ya ga yi wa kifi hanya ya fi rushewar tsada.

Uwar Biyu: Ɓarna ai ita ce ta 2002, kifi sama da 30,000 suka mutu suna yawo a saman ruwa, 'yan ƙabilar Yurok da kifin nan ne abincinsu tun kaka da kakanni suna tsaye suna kallo, wannan me za ku kira shi?

Ɗan Boko: Asara ce wannan Hajiya. Ɓarna sai da hannun mutum da niyya.

Uwar Biyu: To wa ya rage ruwan kogin, aljanu?

Manomi: Injiniya kai dama kullum kana bayan 'yan kare muhalli, ko suna ba ka wani abu ne?

Injiniya: Haba Yaya, wannan ƙazafi ne. Ka janye.

Ɗan Boko: Ku duba ƙamus, ɓarna daban, asara daban, almubazzaranci ma daban.

Uwar Biyu: Kai kullum ƙamus, makon jiya ma haka ka ɓata mana hira.

Manomi: Ban ce an ba ka ba, tambaya na yi.

Admin: Ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda abin da aka gina da gumin mutane bai kamata a rusa shi don kifi ba, Manomi na da gaskiya. Injiniya da Hajiya ku yi haƙuri. Na rufe.

Uwar Biyu: Yawancin su wa? Mu biyu ne muka kawo hujja fa.