Minshari da ɗaukewar numfashi: abin da aka tsayar a majalisarmu

Hirar ta taso ne a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, a kan manhajojin waya da ke sauraron minshari. Wani ma'aikacin lafiya da ke zama da mu ya ce ƙarar minsharin ba ita ce abin tsoro ba. Shirun da ke ratsa tsakani shi ne matsalar: maƙogwaro ya toshe, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sai mutum ya zabura yana shaƙar iska. In hakan na faruwa sau 5 a awa, da matsala. Ya kai 30, ciwon ya yi tsanani.

Shawarar farko, a ajiye wayar kusa da kai, a ɗauki sauti dare da yawa, domin ƙarar fanka ko janareton maƙwabta na rikita lissafin. Wani dattijo ya ce, "Malam, kafin waya, a tambayi uwargida." Ni ma nan na fi karkata.

Manhaja dai hannunka mai sanda take yi. Tabbaci sai an yi gwajin barci a asibiti, inda ake auna numfashi da iskar da ke cikin jini. Mai ƙiba, ko hawan jini, ko mai gyangyaɗi da rana, musamman direbobin hanyar Kano, kada ya jira.

An kuma ce a rage ƙiba, a riƙa kwanciya ta gefe, a guji maganin barci. In likita ya ga dama, akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci.